Jinyar mai ƙafa shida

A Damagaram mota iri biyu ce a idon jama'a: wadda ke nemo ma mai ita abinci, da wadda ta mutu tana jiran ƴan gwangwan su zo da ma'auninsu. Ta uku, wadda mutum zai riƙa ciyarwa daga aljihunsa alhali ba ta kawo masa ko dala, ba a san sunan da za a ba ta ba, shi ya sa sai a ba mai ita suna. Wani dattijo na unguwar Zango, wanda ya yi shekara talatin da ɗoriya a ma'aikatar hanyoyi kafin ya aje aiki, ya sha sunaye tun ranar da ya sa aka jawo masa gawar wata Berliet mai ƙafa shida zuwa kangon bayan gidansa. Mafi sauƙinsu shi ne "mai jinyar ƙarfe".

Ya kamata mai karatu ya san ko wace irin mota ce, domin matasan yanzu ba su tarar da ita a kan hanya ba. Kamfanin Berliet na Vénissieux, kusa da birnin Liyon na Faransa, shi ya ƙera ta, ana kiran samfurinta GBC 8. Ƙafafunta shida duka suna ja. Ran 8 ga Nuwamba 1959 motoci tara irinta suka tashi daga Wargala ta Aljeriya, suka bi ta Janet, suka keta Tenere har tafkin Cadi da Fort-Lamy, wato Injamena ta yau, suka kuma koma. Alamun ƙarfen da suka kakkafa a cikin rairayi har yanzu da sunan Berliet ake kiran su. Daga baya sojan Faransa ya ɗauki samfurin, aka ƙera dubbai. Injinta silinda biyar ne, ƙarfin doki 125, kuma ba ya tsirfar abinci: in babu gazuwal ya sha kananzir, ya sha isansi. Tan huɗu take ɗauka, wanda ba kome ba ne in an gwada da manyan kamiyon da ke zuwa Dirku, to amma inda za ta sa ƙafa, direba ya sassauta iskar tayoyi, ya aje farantan ƙarfe a ƙarƙashinsu, ba kowace mota ke fitowa ba. A 1978 aka haɗe Berliet da Saviem a ƙarƙashin Renault, ba a jima ba sunan ya ɓace daga goshin motoci.

Wadda dattijon ya saya, daga gwanjo ta faɗa hannun wani mai jigilar kanwa da gishiri, daga nan ta koma makwancin awaki. Ya tarar da injin a daskare, tsatsa ta ci ɗakin direba, ƙudan zuma sun yi saƙa a cikin tankin mai. Abin da ya ja ransa shi ne ƙashin bayanta, wato dogayen ƙarafan nan biyu da kome ke zaune a kansu. Ya bi su da guduma taki bayan taki, bai ji amon ruɓa ba ko sau guda. A irinta ya fara fita daji yana saurayi, lokacin da zuwa Tanut ma tafiya ce ta guzuri.

Neman kayan gyara ya ci shekara uku. Wasu a Ƙofar Ruwa ta Kano aka tono su a ƙarƙashin tulin ƙarafa, wasu a Agadas aka cire daga gawar ƴar'uwarta. Da aka rufe iyaka da Najeriya bayan juyin mulkin Yuli 2023, aikin ya tsaya cik har Maris 2024, zoben fistan guda biyar suna kwance a shagon wani aboki a Kano. Abin da ba a samu ba ƙera shi aka yi. Mai walda ya yanka sabon bene na ɗakin direba, masu aikin fata na gari suka ɗinka kujeru da jar fatar akuya, har kujerun suka fi na masana'anta kyau nesa ba kusa ba.

A cikin gida kuwa magana ba ta yi daɗi ba, kuma masu ƙorafin suna da hujja. Kuɗin fansho ba ya ƙaruwa, tiyar hatsi tana ƙaruwa. Uwargida ta ce: "Alhaji, auren ƴarka saura wata huɗu, ita kuwa wannan amaryar taka kullum sai an kai mata lefe." Wansa, ɗan kasuwa a Dole, ya yi masa lissafi a gaban ƴaƴa, ya nuna masa kuɗin da ya zuba sun isa sayen adaidaita biyu masu kawo kuɗin cefane kowace yamma. Ya amsa: "Gaskiyarka, Yaya." Bai ƙara ba. Ya sayar da wani fili nasa na hanyar Mirya, ya yi auren, ya sayi tayoyi biyu da ragowar.

A nan akwai abin lura. A ƙarshen shekarun 1990 sojan Faransa ya miƙa ma Renault fiye da dubu biyu na waɗannan tsofaffin motoci, aka riƙe ƙashin bayan, aka ɗora sabon inji da sabon ɗakin direba, aka sa musu suna GBC 180. Can tattalin dukiyar ƙasa aka kira abin. A Zango mutum guda ya yi irinsa da kuɗinsa, aka ce tsufa ne ya taɓa shi.

Sai dai abin da ya fi kuɗi da ƙarfe wuyar samu shi ne hannu. Garejojin yanzu sun saba da Hilux da babur, yaro ya cire tsohon abu ya ɗaura sabo, in ta ƙi a kira mai kwamfuta. Berliet ba ta da inda za a soka mata kwamfuta. A duk garin mutum guda ya samu wanda ya taɓa buɗe irin wannan injin, wani tsohon makaniki na Birni da ya haura saba'in, hannuwansa na rawa, yana kuma fama da yanar ido. Dattijon ya je da kansa ya durƙusa: "Baba, in ba kai ba, sai dai ma'auni."

Ranar daidaita famfon mai ita ta nuna inda matsalar take. A tsohuwar hanya, ana juya injin da hannu a hankali, ana duban ɗigon gazuwal a bakin wani ɗan bututu. Daidai inda ɗigon ya yanke, nan ne lokacin da famfo ke fara tura mai ga silinda ta farko, nan ake ɗaure shi. A kuskure kaɗan, injin ya yi ta baƙin hayaƙi ko ya riƙa ƙwanƙwasa har ya ci kansa. Tsohon ya san aikin kamar tafin hannunsa, amma ba ya ganin ɗigon. Dole aka kira jikan dattijon, ɗan lakwal mai shekara goma sha biyar, wanda da ma ke raɓe-raɓe a bakin kangon. Tsohon ya aza hannunsa bisa na yaron, suna juyawa tare, yana cewa: "Ɗana, kada ka gaya mini ya kusa. Ka ce ya yanke, ko bai yanke ba." Sau goma sha ɗaya suka sake. Da la'asar injin ya yi tari, ya tashi, awakin maƙwabta suka watse.

Motar ba ta fita ba tukuna. Birkin iska yana yoyo, ƙafafun gaba ba su karɓar ja, takardunta kuma sai an faro su daga tushe. Ƴan gwangwan sun sake zuwa sau biyu, sun ƙara farashi, domin nauyinta tan-tan ne. Dattijon ya ce bayan damina yana so ya kai ta Tanut ta dawo, kilomita ɗari da wani abu kowace fuska, da tsohon a kujerar gefe in lafiya ta bari. Yaron kuwa ya sayi littafi mai bango baƙi, duk ranar Asabar yana zuwa Birni, tsohon na faɗa yana rubutawa, rabi da Hausa rabi da Faransanci. Sun kai babin birki.