Guzurin kunne

Ka gyara zama, ina da labari, ina kuma da shawara.

Bana yaron gidana zai tafi cin rani Abijan bayan girbi, kamar yadda samarin Adar suka saba. Uwarsa ta daka masa gari, ta ƙulle masa yaji a leda. Ni ba ni da kuɗi masu yawa da zan ba shi. Sai na ce zan haɗa masa guzurin kunne, wato waƙoƙin gida. Na san baƙunci. Ran da kewa ta kama mutum, ba tuwo kaɗai yake nema ba.

Sa'ad da nake saurayi a Tawa, da kaset muke wannan aiki. Kaset mai minti 60, kowane gefe minti 30. Mukan jera rediyo biyu baki da baki, wannan na waƙa, wancan na ɗauka. Idan zakara ya yi cara, ya shiga kaset ke nan har abada. Don kada pil ya ƙare, da biro muke juya zaren. Yau kaset ya kau, ƙaramin katin waya ya maye gurbinsa. Amma zaɓe yana nan. Wanda ya zuba waƙa dubu a kati bai zaɓi kome ba. Ni biyar na sa a gaba, dukansu kiɗan gita ne na maƙwabtanmu Abzinawa. Ga su, ga dalili.

Ta farko, "Anou Malane" ta Abdallah Oumbadougou, mutumin jihar Agadas. A shekarun tawaye, daga 1990 zuwa 1995, an hana kaset ɗinsa. Wanda aka samu da shi yana iya shiga wahala. Wani abokina Ba'abzine, wanda muke shan shayi tare, ya ba ni ɗaya in ajiye masa. Na tura shi cikin rumbu, ƙarƙashin damin hatsi. Tsoro ya hana ni saurare. Ran 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu kan zaman lafiya. Bayan haka muka fiddo shi, muka saurara a ƙofar gida, kowa na ji. Abdallah ya rasu a 2020, Allah ya jiƙansa. Na sa shi farko don yaro ya san zaman lafiya ba a banza aka same shi ba.

Ta biyu, "Tahoultine" ta Mdou Moctar. Wannan ɗan jiharmu ne, ɗan yankin Abalak da Cintabaradan. Yana yaro ba shi da gita. Sai ya sassaƙa ice, ya ɗaura masa wayar birkin keke, ya koya da kansa. Bahago ne. A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko, da irin na'urar gyaran murya da ake ji a waƙoƙin fim na Hausa. Ba babban kamfani a bayansa. Daga waya zuwa waya waƙar ta yi ta yawo, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji ta. Ya sa ta cikin wani faifai a 2011, ya kuma bi sawu har ya sami mai ita.

Ta uku ma tasa ce, "Afrique Victime", ta 2021. A nan gita ta lantarki ce, da ganguna masu ƙarfi, irin kiɗan da Turawa ke kira rok. Waƙar tana kuka ne kan yadda ake cutar Afirka ana kwashe arzikinta. Tana farawa a hankali, kamar raƙumi ya tashi daga guiwa, sannan ta yi ta ƙara sauri. Da farko na ce hayaniya ce. Da na saurara sau uku, sai na ji tafin mata da takun raƙuma a ciki. In ka ji ta, kada ka yi saurin yanke hukunci.

Ta huɗu, "Eghass Malan" ta ƴan matan Illighadad, wani ƙauye a yankin Abalak. Jagorarsu Fatou Seidi Ghali ta koyi gita da ta ɗan'uwanta, a lokacin da ake ganin gita ta maza ce. Kiɗan mata a can shi ne tande: turmi ne ake rufe bakinsa da fatar akuya, ga ƙwarya kife cikin ruwa ana bugawa. Faifansu na farko, na 2016, gefe ɗaya gita ne, gefe ɗaya tande. Wannan waƙa kuwa ta 2017 ce. Daga ƙauyen nan suka kai Turai da Amurka. Na sa ta don yaro ya tuna da ƙannensa mata, ya san abin da mace ke iyawa in ba a tare ta ba.

Ta biyar, "Tar Hani" ta Bombino, mutumin Agadas, ta 2011. Waƙa ce mai sanyi, ta dare, bayan an gama aiki an ɗora buta a kan gawayi.

Wataƙila ka ce: "Malam, ai ba mu jin Tamajak." Gaskiya ne, ni ma kaɗan nake ji. To, amma kasuwarmu ɗaya da su, rijiyarmu ɗaya. Suna kawo cuku da dabbobi, muna ba su hatsi da albasa. Na tambayi abokina ma'anar waƙoƙin, ya yi mini bayani, hira ta yi daɗi. Ka ga riba biyu ke nan. Kuma ban bar namu ba. A ƙarshen katin na sa tsohon mawaƙin Tawa, Ɗan Gurmu, wanda aka sa wa gasar kiɗa ta ƙasa sunansa.

Yanzu ga shawarata. In za ka haɗa wa wani waƙoƙi, ka tuna da shi, ba da kanka ba. Ka fara da mai sanyi, ka sa mai zafi a tsakiya, ka rufe da mai sanyi. Kada su yi yawa. Sannan ka ɗauki takarda da biro ka rubuta: lamba, sunan waƙa, sunan mawaƙi. Dā, kafin in shiga makarantar manya, zane nake yi a bayan kaset don in gane shi: wannan raƙumi, wancan tauraro. Sau da yawa na shafe waƙa mai kyau don ban san abin da ke ciki ba. Yau da hannuna na rubuta wa yaron nan jerin waƙoƙinsa. A ƙasa na ƙara layi ɗaya: "In ka ji ta biyar, ka kira uwarka."

Na naɗe katin cikin takardar, na ba shi. Bai ce kome ba, ya sa a aljihun gaba.

Kai fa, wace waƙa za ka sa farko, kuma wa za ka ba? Ka rubuta, ko da harufanka na karkacewa. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya maido su lafiya. Wassalam.