Saiwa Ta San Inda Ƙasa Take!

Kai! Jama'a, ku zo ku gani!

Wake ne fa. Waken da muke dafawa da shinkafa. 'Yar ƙanwata aka ba aikin makaranta, ta cusa jiƙaƙƙiyar auduga a kwalba, ta maƙala ƙwayar wake a gefe, muka ajiye a bakin taga a gidanmu na Federal Low-Cost. Ya kumbura, ya tsage, farar saiwa ta leƙo, siririya, ta nufi ƙasa. To, wannan ba labari ba ne. Sai yarinya ta kwantar da kwalbar.

Washegari saiwar nan ta lanƙwaso. Ta lanƙwaso ƙasa! Muka kife kwalbar, ta sake juyowa. Ba ido, ba kunne, ba wanda ya gaya mata. Ikon Allah!

Ashe can a tsinin saiwa akwai wata 'yar hula. A cikin ƙwayoyin halittar hular akwai 'yan dunƙulen sitaci masu nauyi, suna nitsewa su kwanta kamar yadda gasara ke kwantawa a gindin bokiti. Ka juya saiwa, cikin mintuna sun gangara sabon gindi. Daga nan wani sinadari, oksin, ya taru a ɓangaren da ke ƙasa ya rage masa saurin girma, na sama kuwa ya ci gaba da miƙewa. Shi ke nan, lanƙwasa! A cire hular, saiwa za ta ci gaba da tsawo, amma ta ɓata hanya.

Kuma wai tun 1806 ake wannan wasa! Wani Bature a Ingila, Thomas Andrew Knight, ya ɗaura irin wake a jikin wata ƙafa da ruwa ke juyawa da gudu. Saiwoyin suka ruɗe, suka miƙa waje, can inda juyin ke wurga su. A 1880 Charles Darwin da ɗansa Francis suka fitar da littafi guda kan motsin tsirrai, har suka kamanta tsinin saiwa da ƙwaƙwalwar ƙananan dabbobi.

Amma tsaya, ba ka ji komai ba tukuna. Muka sa wa saiwar wakenmu tsakuwa a gaba.

Ta taɓa. Ba ta tsaya tana dukan dutse ba! Da tsinin ya ji tauri, kalsiyam ke ɓarkewa a cikin ƙwayoyinsa, saƙon taɓawa ya danne saƙon nauyi na ɗan lokaci. Sai ta bi gefe, tana laluba, tana laluba, tsininta na dangwalar tsakuwar, har ta kai baki. Tana kaiwa ta zurma ƙasa. Kai! Ni dai na daɗe tsugune ina kallo, shayina ya huce.

Sai gyaɗa. Gyaɗarmu! Furenta a sama yake, rawaya, kowa na gani. Idan ya ɗauki ciki sai wani ɗan tsinke ya fito, wanda ba saiwa ba ne, amma yana da irin wannan sitacin mai nitsewa. Ya sunkuya, ya soki ƙasa, ya shige duhu, sannan ya kwanta ya fara ƙwanso. Duk buhun gyaɗar da aka jibge a kasuwar Tudun Hatsi, duk, kowane ƙwanso da kansa ya binne kansa!