Filar da Ta Tsaya

Ina aji uku a sakandare kawuna birkila ya ɗauke ni lebura a wani ginin bene a bayan garin Kano. Hutun damina ne. Aikina ɗaukar kankare a kwanon sarki, har tsakar kaina ta yi kanta. Tun safe ba abin da kake ji sai fila: a ɗaure rodin fila, a zuba fila. Ni na ɗauka Hausa ce tsantsa, kamar yashi da tsakuwa.

Kawu ya ce a kawo rodi mai mili 16, ɗan kwangila ya kawo mai 12, ya kuma rage siminti. "Alhaji, waɗannan ba za su ɗauki dakin ba," in ji Kawu. "Malam, kai dai yi aikinka." A raina na ba Alhaji gaskiya, don shi ne mai mota. Fila ɗaya ce, ta kusurwar gabas, Kawu ya zuba yadda ransa yake so ranar da Alhajin bai zo ba.

Ranar da kafintoci suka cire itatuwan tokare, ina ƙarƙashi ina tsintar ƙusa. Na ji ƙas, kamar an karya kara. Sai salati. Sai duhu. Na rungume filar nan, ƙurar siminti ta cika mini baki, fitsari na bin ƙafata. Ba wanda ya mutu, amma wani kafinta ya karye a cinya.

Bayan shekaru, a ƙamus, na gano fila Turanci ce, pillar. Bakinmu ne ya mai da p ta koma f, kamar a fenti da famfo. Turawan ma aro suka yi daga tsohon Faransanci, piler, cikin kalmomin da suka kwararo Ingila bayan Normawa sun ci ƙasar a 1066. Tushenta Latin ne, pila, ginshiƙin dutse irin wanda Rumawa ke ɗora gada a kai. Abin dariya, duk shekarun da na yi ina ihun Kano Pillars a filin ƙwallo na Ƙofar Mata, ban taɓa haɗa sunan da abin da na runguma ba.

Na kai wa Kawu wannan bayani ina ta ɗoki. Ya ce Rumawan nan rodi mai nawa suke sawa?

Kangon yana nan har yau. Maƙwabta a jikin filar suke ɗaure awaki.