Guntun Badala a Birnin 'Yan Caca

Tambarin jami'an shige da fice ne ya kai mu Makawo a watan Nuwamba na 2007. Bizar da muke da ita ta shiga Chana tana ba mutum kwana 30 ne a kowace shiga, in sun cika sai ya fita daga ƙasar ya sake dawowa, a buga masa sabon tambari. Mu kuwa mun yi kwana 28 a Gwanzu, masaƙar da ta karɓi odar atamfarmu kullum sai ta ce gobe, ga kwantena ba a loda ba. 'Yan kasuwar da muke zaune tare a unguwar Siyawbe suka ce abu mafi sauƙi shi ne mu shiga mota zuwa Juhai, mu taka da ƙafa mu ƙetara iyaka, mu yini a Makawo, mu dawo kafin a rufe ƙofa. A lokacin a bakin iyaka ake ba ɗan Najeriya izinin shiga. Sai a 2010 aka ce dole ya nemo biza tun daga gida.

Ni da Kawu ne, yayan mahaifiyata, wanda ya ɗauke ni yaron shago a Kantin Kwari tun ina ɗan shekara 15. Wannan ce tafiyata ta farko wajen Najeriya. Shi kuma ya yi Kwatano, ya yi Jidda, ya yi Dubai, amma har ya koma ga Allah bai yarda akwai garin da ya kai tsakanin Mandawari da Ƙofar Na'isa daɗin zama ba. Na ukunmu wani mutumin Maraɗi ne mai sarin wayoyin hannu, ya taɓa zuwa sau biyu, shi ya zama jagora.

Da aka gaya wa Kawu abin da garin ya shahara da shi, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Wato gari guda sana'arsa caca?" Mutumin Maraɗi ya ce ai tun bara kuɗin da ake juyawa a gidajen cacar Makawo ya wuce na babban layin Las Vegas ta Amurka. Kawu ya ce, "To, Allah ya raba mu da ɗaukar magana. Kai, ɗaure kuɗin nan a jikinka, kada ka sake ka bar shi a masauki." Haka na shiga birnin caca da ragowar dalolin oda a ɗaure a ƙuguna, ƙarƙashin singileti.

Mun bar Gwanzu bayan asuba, awa biyu da ɗoriya muka isa iyakar Gongbei. Layin mutane ne kamar na tantance alhazai a sansani, yawancinsu 'yan cikin Chana, domin a duk faɗin ƙasar nan kaɗai doka ta yarda a buɗe gidan caca. Muna fitowa ta ɗaya ɓangaren sai ga motocin safa a jere, kowace da sunan otal a jikinta, 'yan mata sanye da kaya iri ɗaya suna kiran mutane, kuma kyauta ne. Nan muka yi muhawarar farko. Kawu ya ce motar da aka zuba wa mai da kuɗin caca ba zai hau ba. Mutumin Maraɗi ya yi ta kawo hujja, Kawu ya toshe kunne. Sai da muka canji pataka, kuɗin garin, muka hau bas ta haya muka biya.

Tsohon garin muka fara shiga, kuma shi ne na fi tunawa. Turawan Fotugal sun zauna a wannan ɗan tsigin ƙasa tun 1557, ba su miƙa shi ga Chana ba sai ranar 20 ga Disamba, 1999, saboda haka kowane allon titi rubutu biyu ne a jikinsa, na Sinanci da na Fotugal. A dandalin Senado an shimfiɗa ƙananan duwatsu farare da baƙaƙe, an jera su suna lanƙwasa kamar igiyar ruwa, gine-ginen gefe kuma rawaya da fari. Daga nan hanya ta tsuke ta zama lungu, shago na jikin shago, mutane na gogar kafaɗar juna. Kawu ya ce, "Wannan ai Kurmi ce aka share ta." A wannan lungun na kusa yin abin kunya. Wata mata ta miƙo mini yankan nama a bakin almakashi, shimfiɗaɗɗe, ja, yana ƙyalli, sak kilishin Agadasawa. Kwana 28 ina cin taliyar Musulmin Chana, yawuna ya tsinke, har na miƙa hannu. Mutumin Maraɗi ya doke hannun. "Alade ne, malam!" Kawu ya yi dariya har sai da ya dafa bango, kuma shekaru bayan nan in aka kawo kilishi shago sai ya ce a tambaye ni ko na Makawo ne.

Lungun ya kai mu gindin matakala 68, a samanta ga fuskar cocin San Paulo a tsaye. Fuskar kawai. An gina cocin tsakanin 1602 da 1640, gobara ta cinye shi a 1835, bangon gaba na dutse ya tsira. Ka leƙa ta taga sai ka ga sararin sama. Jama'a sun cika wurin suna ɗaukar hoto, amare da anguna da kayan biki, 'yan makaranta, tsofaffi a ƙarƙashin lema. Na tambayi Kawu ko in ɗauke shi, ya ce shi ba ya hoto a gaban kango. Muka zaga ta hagu don mu kauce wa cunkoso.

A nan, kusa da wani ɗan ƙaramin ɗakin bauta na Sinawa da hayaƙin turare ke fita daga cikinsa, muka tarar da guntun bango mai launin toka-toka, tsawonsa bai kai mita 20 ba, tsayinsa ya haura mita 5, da 'yar ƙofa mai baka a jikinsa. Ni da na wuce. Kawu ya tsaya cak. Ya matsa, ya shafa, ya sa farce ya ɗan kankara, ya kai yatsan hancinsa.

"Kai, zo nan. Wannan ginin ƙasa ne."

Mahaifinsa, kakana na wajen uwa, magini ne, cikin masu yi wa soraye yaɓe kafin damina. Kawu ya taka kwaɓi da ƙafarsa yana yaro, ya san tubali, ya san ramno, ya san makuba. Ya nuna mini layi-layi a jikin bangon, ya ce ba tubali aka jera ba, zuba ƙasar aka yi ana daddaɓe ta hawa-hawa. Akwai ɗan allo a gefe da bayani da Turanci, na karanta ina fassara masa: ragowar ganuwar garin ce, wadda aka soma ginawa tun wajen 1569, da yumɓu da yashi da karan shinkafa da tsakuwa da dakakken ɓawon kawa na bakin teku. Da na zo kan karan shinkafa ya ce, "Ramnonsu ke nan." Da na ce a 2005 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin, har da wannan guntun, cikin kayan tarihi na duniya, sai ya juyo ya dube ni.

"Wannan ɗin? Wannan da bai kai katangar gidan wani alhaji ba?"

Na san abin da yake aunawa a ransa. Badalar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya sa harsashinta shekaru 900 da suka wuce, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, ta girmi wannan bango da ɗaruruwan shekaru, kuma kaurin gindinta kaɗai ya ninka nasa sau da yawa. A kanta muka yi ƙuruciya. Muna hawa ta wajen Ƙofar Na'isa da yamma, mu zauna a kan tudu mu ƙirga motocin da ke bin titin jami'a, mu gangaro da gudu ƙafa duk jar ƙasa, a gida a yi mana faɗa. Kuma a idonmu ake zuwa da jakuna ana haƙar ta, ana kai ƙasar gini, ba wanda ya ɗauka ɓarna ce, mu ma ba mu ɗauka ba. Kawu ya gyara hularsa, ya jingina da bangon, ya ce, "To ɗauke ni a nan." Hoton da ya yarda aka yi masa ke nan a duk tafiyar.

Muka hau tudun da ke gefe, inda tsohuwar ganuwar soja take da manyan igwa na baƙin ƙarfe. Daga can ana ganin garin duka, bakin wata igwar ma yana kallon dogon benen Grand Lisboa da ake kan ƙarasawa, mai siffar fure, ruwan zinariya. A wani lungu na lambun muka yi alwala da ruwan gora, muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru a kan jarida. Alƙibla a can yamma take. Wata guda muna haka, amma Kawu bai daina mita ba, wai shi da ya shekara 60 yana kallon gabas, ga shi ya zo ƙasar da ake juya wa gabas baya. Muka ci dabino da ƙuli-ƙulin da Inna ta ɗaure mana tun daga gida, Kawu ya ɓantari goro.

Ni ne na nace sai mun ga gidan caca. Kawu ya ce ganin ƙwaƙwaf ne ke damuna, amma ya tashi. Muka ƙetara gada zuwa Venetian, wadda aka buɗe a watan Agustan shekarar. Wannan karon ma haya muka biya. A saman bene suka haƙa kogi, da jiragen kwale-kwale, da matuƙa masu rigar zane-zane suna waƙa, rufin kuma an yi masa fentin sararin sama da gajimare, an haska shi kamar sakaliya. Mun fi awa muna yawo hasken bai motsa ba. Kawu ya ɗaga kai ya ce, "Nan rana ba ta faɗuwa? To yaya mutum zai san magariba ta yi?"

Shi ya zauna a kan benci bakin kogin ya ciro carbi. Ni da mutumin Maraɗi muka gangara. 'Yan cacar da na sani a Kano a ɓoye suke yi, a gindin badala ko bakin kududdufi, da tsohuwar karta da ta yi laushi, ɗaya na gadi ko 'yan doka za su ɓullo, ana zage-zage, wani lokaci a zare wuƙa. Nan kuwa fili ne da ido ba ya ganin ƙarshensa, kafet mai taushi, fitilu, ba taga, ba agogo. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba wanda ke dariya. Na tsaya bayan wani teburin bakara ina kallon wani dattijo mai sanƙo. An miƙa masa kati a kife. Bai buɗe ba. Ya danne shi da tafi, ya ɗaga gefe kaɗan-kaɗan da manyan yatsunsa har katin ya lanƙwashe, na bayansa suna hura iska da baki wai su kore lambar da ba a so. Ya buɗe, ya wurgar. Ma'aikaciyar ta sa hannu ta kwashe tulin da ke gabansa, wanda mutumin Maraɗi ya raɗa mini cewa ya fi kuɗin dila goma na atamfa. Dattijon ya kurɓi shayi ya tura wani tulin.

Ba zan ɓoye ba, na ji ɗaurin da ke ƙuguna ya yi mini nauyi. Na yi lissafi a zuci: in na sa ɗari biyu ta zama ɗari huɗu, wa zai sani? Hannuna har ya kai kan riga. Abin da ya tsayar da ni, ban ce tsoron Allah ne kaɗai ba, har da sanin cewa Kawu yana ƙirga kuɗin nan kowane dare, yana lasar yatsa. Da na koma sama bai tambaye ni abin da na gani ba. Ya miƙo hannu ya taɓa ƙuguna, ya ji ɗaurin yana nan, ya miƙe ya ce mu tafi.

A mota na tsokane shi, na ce, "Kawu, mu da muka ba masaƙa rabin kuɗi ba mu ga kaya ba, ba cacar muke yi ba?" Ya ce ɗan kasuwa in ya faɗi, wani ya sa riga. Bai ƙara ba, ya koma maganar bangon, yana mamakin yadda ɓawon kawa ke riƙe ƙasa, yana cewa da Baba na da rai da ya kai masa ɗan ɓarɓashi ya gani. Mun ƙetara iyaka wajen ƙarfe tara na dare, aka buga mana sabon kwana 30. Kwantena ta tashi bayan mako guda.

A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa hanya, daga baya aka gina wata da siminti. Ranar da katafila ta shiga, Kawu ya rufe shago da wuri, abin da ba ya yi sai an yi rasuwa. Muka tsaya cikin 'yan kallo, ƙura na tashi ja. Ya ciro hoton nan daga aljihun gaba, ya nuna wa wani tsoho da ke kusa da shi, ya ce, "Ka ga wannan? A ƙasar 'yan caca ne. Har allo suka kafa masa." Tsohon ya duba, ya ce ai wannan bangon gidan wani ne, ya mayar masa.

Kawu ya rasu bayan shekara huɗu. Na koma Gwanzu sau da yawa, ban sake taka Makawo ba, ko da aka buɗe doguwar gadar da ta haɗa ta da Hong Kong a 2018 abokai suka yi ta ja na. Hoton yana cikin durowar shago, tare da tsofaffin rasiɗai da kwabban pataka uku da suka rage mana ranar. Ya ɗan koɗe. Kawu na tsaye da farar shadda da hula zanna-bukar, goro a kumatu, tafin hannunsa na dama a manne da bangon.