Mutanen Kan Dutse a Bayan Jugu

Ba kallo ya kai ni ƙasar Benin ba. Kuɗin albasata ne suka maƙale a hannun wani dillali a Paraku, na bi sawu. Kwana biyun da na yi ina zarya tsakanin kasuwar Arzeke da masaukina ba na fatan su ko ga maƙiyi. Katifa duk kuɗin cizo, fanka sai ƙara babu iska, ruwan wanka sai an saya da bokiti. Mai masaukin ko sannu da zuwa bai yi mini ba, kuɗi ya fara tambaya, da Faransanci. Mu a Katsina sai baƙo ya sha ruwa ake tambayarsa daga ina.

Jugu ce ta wanke mini zuciya. Dillalin ya ce in ba shi kwana uku, sai na shiga mota, tafiyar kilomita 130 da ɗoriya. Bayan magariba wani dattijo ya ji Hausata a ƙofar masallaci, ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, ina raye Bakatsine ba zai kwana a otal ba." Aka kawo sakwara da miyar gyaɗa da soyayyen wagashi, cukun Fulanin can, wanda na yarda ya yi daɗi, ko da yake bai kai tuwon dawa da miyar kuka zama a ciki ba. Da iyalinsa Dandanci yake yi, da ni kuwa Hausa tsantsa irin ta mutanen da. Kakanninsa fataken goro ne, cikin ayarin da kan tashi daga Kano ya ratsa Bargu, ya yada zango a Jugu kafin ya nufi Salaga ta Gwanja. Shi ya ce kada in koma ban ga Taneka ba.

Da safe ɗan acaba, wanda suke kira zemijan, ya ɗauke ni muka yi arewa wajen Kopargo, muka hau dutse zuwa Taneka Beri. Ɗakuna ne zagayayyu na laka, ƙanana, a cunkushe tsakanin duwatsu, an kifa tulu a ƙololuwar jinka. Da yawansu babu kowa: masu su suna gonaki a ƙasa, sai lokacin bukukuwa suke hawowa. Mai rakiyarmu ya ce kakanninsu daga ƙabilu daban-daban suka gudo nan don tsira daga maharan bayi, har suka zama al'umma ɗaya mai harshen Yom.

Sai aka kai mu gun babban bokansu. Tsoho ne siriri, daga shi sai warkin fatar akuya da hula, yana zaune kan dutse da dogon lofe a baki. Wasu Turawa biyu suna ta ɗaukarsa hoto, wannan ya durƙusa, wancan ya ce a ɗaga lofen. In sun gama su miƙa sefa. Ni ma har na zaro waya. Ya dube ni, ya sa tafinta ya tambayi asalina. Na ce, "Bahaushe ne ni, Baba." Ya gyaɗa kai ya ce kakannina sun sha wucewa ta ƙasan dutsen nan da jakuna, nasa suna sama suna leƙensu.

Jikina ya yi sanyi, don na san ba kanwa da goro kaɗai ayarin nan suka ɗauka ba, har da mutane. Na mayar da waya aljihu, na tsuguna na gaishe shi yadda ake gaida manya a gidanmu. Addininsa ba nawa ba ne, kuma ba zan ɓoye ba, tsafin da na gani bai kwanta mini ba. Amma furfura furfura ce. Na tuna Maguzawan ƙasarmu da muka sha saye da sayarwa da su a kasuwannin ƙauye: da baƙo zai zo ya ce wa tsohonsu ya gyara zama a ɗauke shi hoto a biya shi, da raina ya ɓaci.

Da na koma Jugu na ba mai masaukina labari, ya yi shiru, ya ce a ƙara mini shayi. Ranar da zan tafi ya cusa mini goro a jaka, ya raka ni har tasha. A Paraku dillalin ya ba ni rabin kuɗina.