Goro na son laima, taliya ba ta so

Goro ne ya zaunar da Hausawa a Agege. Titin jirgin ƙasa ya ratsa garin tun kafin ya kai Kano a 1911, fatake suka sauka a Zango, suna sayen goron kurmi suna ɗaure shi huhu-huhu zuwa Arewa. Karatun ɗan goro kuwa bai wuce abu ɗaya ba: kada laima ta gudu. A lulluɓe da ganye, a yayyafa ruwa, a kwance a tsince wanda ya lalace, a sake ɗaurewa. A wannan makaranta kawuna ya tashi. Da kasuwar goro ta juya masa baya, ya kama sito ya shiga sarin kayan abinci, sai ya haɗu da hajar da ke ƙin duk abin da ya iya.

Taliya ce, ta kanti, wadda a lokacin ake shigo da ita daga Turai, musamman Italiya, ta tashar Apapa da ta Tin Can da aka buɗe a 1977. A masana'anta ana busar da ita har ruwan jikinta ya dawo wajen kashi 12 cikin 100, shi ya sa takan yi shekara biyu lafiya lau in ta sami busasshen wuri. To ina busasshen wuri a Ikko a watan Yuni? Rigar da ka shanya ma sai ta kwana biyu tana warin ɗanyantaka.

Matsalar tun daga kwantena take farawa. Rana ta gasa ƙarfen, dare ya sanyaya shi, gumi ya taru a rufin ya riƙa ɗiga kan kayan sama. In takardun kwastan suka ja lokaci, kayan na nan suna shan wannan wanka kullum. 'Yan kasuwar da suka ga cunkoson jiragen siminti na 1975, lokacin da jirage suka yi watanni suna jiran sauke kaya, ba sa wasa da maganar jinkirin tasha.

Ni ne yaron sito a daminar da muka yi asara. Mun jera katan-katan a kan siminti, jingine da bango, har kusa da rufi, don wurin ƙarami ne kuma haya na da tsada. Kwali ne ya fara shan laima ya yi laushi, na ƙasa suka durƙushe, taliyar ciki ta kakkarye. Ledar da ta huje kuma fumfuna ta kama, ƙwari suka biyo baya. Karyayyiyar taliya ba ta da laifi a tukunya, amma a kasuwa ba ta da daraja. Mai saye zai ɗaga leda ya duba, ya ajiye maka abarka. Kawu ya daɗe a tsaye yana kallo, sannan ya ce, “Kai yaro, shekara talatin ina ba kaya ruwa, yau ga kayan da ruwa ke kashewa.”

Daga nan muka koyi sabon karatu. Katako a ƙasa, tazarar hannu tsakanin kaya da bango, kada jeri ya wuce tsayin mutum, tsohon kaya ya riga sabo fita. Kafin Kawu ya biya kuɗi sai ya girgiza katan a kusa da kunnensa, ya zaro sili ɗaya ya karya. In ya ce ƙas, a loda. In ya lanƙwasa tukuna, ko a rabin kuɗi ba ya so. Da damina ba ya barin kaya su daɗe; tirelar da ta kawo shanu ko wake ba ta komawa wayam, kuma taliyar da ta isa Kano ta tsira, don iskar can ba ta da wannan nauyi. A can ne mata ke murza tasu da ɗan inji su shanya a igiya, kafin la'asar ta bushe. Matan Agege da suka gwada ’yar murji da damina sun sha ganin ta yi tsami a kan igiya. Ina jin wannan na cikin dalilan da ta kanti ta samu shiga gidajenmu da wuri, a ci da manja da yaji kamar a gida.

Sauran labarin na gwamnati ne. Naira ta faɗi bayan shirin gyaran tattalin arziki, SAP, na 1986, Babangida ya hana shigo da alkama a 1987 aka janye hanin bayan 'yan shekaru, sannan a mulkin farar hula na Obasanjo aka sa taliya cikin kayan da aka haramta shigo da su. Golden Penny na yi a Agbara, Dangote ya kafa tasa masana'antar a Ikorodu. Ta waje ba ta ɓace ba, hanya ta sauya: ta Turkiyya takan sauka Kwatano ta tsallako ta hannun 'yan fasa-ƙwauri, har aka rufe iyakoki a Agustan 2019. Ana yawan yabon masana'antun gida da kishin ƙasa, amma a wurin mai sito ribarsu ita ce gajeriyar hanya. Kayan da a da ke yin watanni tsakanin teku da tasha yanzu kwana kaɗan ne daga inji zuwa Agege. Alkamar dai har gobe jirgin ruwa ke kawo yawancinta, shi ya sa in dala ta motsa farashin katan ke binta.

Kawu bai taɓa rabuwa da goro gaba ɗaya ba. Yana da ɗan kwando da yake yayyafa wa ruwa kowace safiya, don kansa da baƙi. A bakin ƙofa yake ajiye shi, ta waje. Ranar da hadari ya taso na ɗauko kwandon zan shigar ciki, yana daga masallaci ya hango ni, ya ɗaga murya: “Ina za ka kai min shi? Bar shi nan, ruwa abincinsa ne. Ja ƙofar sito.”