Tambarin Waɗanda Aka Ci Da Yaƙi

A damanar bara na je gida, wani ƙauye da ke cikin gundumar Gidan Rumji, inda ɗan ƙanena ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Baba, saurari wannan." Abin da ya fara dukan kunnena shi ne rugugin gita da kururuwa mai kama da ta mai hawan iska. Har na yi niyyar mayar masa, sai na jiyo goge da sarewa can ƙarƙashin hayaniyar. Ya ce mini makaɗan ƙasar Suwizalan ne, sunansu Eluveitie, sun kafu a 2002, kuma suna rera wasu waƙoƙinsu da harshen mutanen Gol na dā, wanda ya mutu tun ƙarnoni da dama. Faifansu na 2012, Helvetios, labarin kakanninsu ne da Yuliyas Kaisar ya murƙushe shekara 58 kafin haihuwar Annabi Isa. Kaisar ne ya rubuta tarihin wannan yaƙi. Su kuwa jikokin waɗanda aka ci suka mayar masa da martani da kiɗa.

Nan take zuciyata ta koma Tibiri. Mu ma ai haka namu yake. Alkalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836 Mayaƙi ya tattara Gobirawan da suka rage, ya kafa Tibiri kusa da Maraɗi, inda Katsinawa suka riga suka fake. Labarin jihadi da aka fi karantawa malaman Sakkwato ne suka rubuta shi, irin su Muhammadu Bello a Infaƙul Maisuri. Namu kuwa tambari da kakaki da bakin maroƙa aka bai wa ajiyarsa.

Ina yaro akwai wani tsohon makaɗi a unguwarmu da ke jero sarakunan Gobir tun daga kan Bawa Jangwarzo, kowa da kirarinsa, ba ya tuntuɓe. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malami ne, ya hana ni zama wurinsa. Da na shiga makarantar boko kuma sai ni da kaina na raina shi. Ya rasu ban rubuta ko baiti ɗaya daga bakinsa ba, 'ya'yansa kuwa sun kama kasuwanci tsakanin Maraɗi da Jibiya.

Ba ina neman a tono tsohuwar gaba ba ne. Jikokin ɓangarorin biyu sun daɗe da auren juna, sahu ɗaya suke bi a masallaci. Abin da ya dame ni shi ne, waɗancan Turawa sai da suka tono harshensu daga rubutun jikin duwatsu, mu kuwa namu harshen yana raye, masu ajiyar ne ke ƙarewa.

Na tambayi yaron ko ya san wanda ya kafa Tibiri. Ya yi shiru. Washegari da hantsi muka hau babur muka nufi ƙofar fada, wayar tana aljihunsa, wannan karon don ɗaukar murya.